Daga Wa Ka Ji? Darasin da Ƙananan Sakandaren Boɗinga da Shagari Ke Jira

A gidaje da yawa na Boɗinga da Sifawa da Danchadi, haka ma Kajiji da Dandin Mahe a ƙasar Shagari, wayar salula ta maigida ce ko ta uwargida, amma mai juya ta yaro ne. Shi ake aika ya kai ta caji. Shi ke ɗaukar katin memori zuwa shagon masu turi a zuba wa'azi da fina-finai. Idan saƙon banki ya shigo shi ake miƙa wa ya karanta, idan kuma muryar wani ce ta faɗo a WhatsApp shi ke danna ta, ya ƙara sauti don tsohuwar da ke gefen murhu ta ji, sannan a ce masa ya tura wa kawunsa da ke Legas. Yaron nan, ko yarinyar, galibi ɗan shekara 12 zuwa 15 ne, wato ɗan ƙaramar sakandare. Ba tare da kowa ya naɗa shi ba ya zama magatakardan gida, duk labarin da zai shigo ko ya fita sai ya bi ta hannunsa. Magatakardan fada kuwa ba a damƙa masa hatimi sai an horar da shi. Namu mun damƙa masa ba tare da ko kalma ɗaya ta horo ba, kuma ra'ayina shi ne wannan horon aikin makaranta ne, a aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, cikin Hausa, tun yanzu, ba sai an jira ranar da kwamfuta za ta iso ƙauye ba.

Yana da kyau a dubi irin kayan da ke bi ta hannun yaron nan. Saƙon murya na jita-jita yana da kamanni ɗaya kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Yakan fara da cikakkiyar sallama da salati, cikin murya mai nauyi. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, ko ya ce shi "wani jami'in lafiya ne" ko "wani ɗan'uwa da ke aiki a can". Ba ya faɗin ranar da abin ya faru, sai dai "jiya-jiyan nan", shi ya sa saƙon da aka naɗa shekara uku da suka wuce yakan dawo sabo fil. Wurin ma a dunƙule yake, "wani ƙauye kusa da mu". Sannan ya rufe da roƙo: don girman Allah duk wanda ya ji ya tura, kada ya tsaya a kansa. Idan kuma aka yi dace muryar ta zo da Sakkwatanci, da su "wanga" da "shi ka zuwa", to an gama da mai sauraro a Boɗinga, domin kunne ba ya zargin harshen gida. Duk waɗannan alamomi yaro ɗan aji ɗaya zai iya koyonsu cikin mako biyu, kamar yadda yake koyon bambanta jabun kuɗi da na gaske idan an tura shi talla.

Abin da rashin wannan ilimi ke jawowa ba sai an yi hasashe ba, mun gani. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa yana kare mutum. Mutane sun tashi 'yan'uwansu daga barci da asuba suna kira a waya, kowa da kyakkyawar niyya, aka wayi gari aƙalla mutum biyu sun mutu, wasu da dama suna asibiti. A watan Yunin 2018, yayin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook aka ce na waɗanda aka kashe ne a can, aka tare hanyoyi aka kashe matafiya don ramuwa. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa ɗaya daga cikin hotunan da suka fi tayar da hankali daga Kongo ya fito, kuma ya girmi rikicin da shekaru. Har shugaban ƙasa bai tsira ba: sai da Muhammadu Buhari ya tsaya a Poland a watan Disambar 2018 yana shaida wa 'yan Nijeriya cewa shi ɗin ne, ba wani Jibrin daga Sudan ba. Wannan na ƙarshen abin dariya ne, amma manya masu digiri sun yarda da shi. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018: labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya tana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Mun saba cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma haka ne, sai dai kafin a kai ƙarshen ramin an riga an sha gishirin.

Akwai masu ɗaukar cewa yaran yanzu, tun da sun tashi da waya a hannu, sun fi iyayensu wayon gane ƙarya. Iya danna waya daban, iya auna magana daban. A 2016 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada dubban ɗalibai a Amurka, inda kusan kowane gida ke da intanet, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙaramar sakandare ba su iya bambanta tallar da aka biya kuɗi aka saka da labarin jarida na gaske ba. In haka ne a can, babu dalilin zaton ɗan Kajiji zai gane da kansa. Kuma a wurinmu akwai wani dalilin da ya sa shekarun nan uku suka fi muhimmanci. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ga yara da yawa a karkarar Sakkwato, musamman 'yan mata, aji uku shi ne aji na ƙarshe da za su zauna a rayuwarsu; daga nan sai gona, ko kasuwa, ko ci-rani, ko ɗakin miji. Abin da ba a koya musu a nan ba, ba za a sake samun su wuri ɗaya a koya musu ba. Yarinyar da ta fita daga aji uku a bana, nan da shekara biyar ita ce uwar da za ta yanke shawara ko a ɗiga wa jaririnta rigakafi ko a ɓoye shi a ɗaka, bisa wani saƙon murya da ta ji.

Wani zai ce wannan ilimin Turawa ne da hukumomin waje ke tallatawa. Gaskiya ne UNESCO na tallata shi, har an yi babban taronta na duniya kan batun a Abuja a watan Oktoban 2022, kuma ƙasar Finland ta daɗe da saka shi cikin manhajar makarantunta. Amma wanda ya tsaya a Boɗinga ya ce tantance labari baƙon abu ne, bai waiwayi inda yake tsaye ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kimanin shekara biyar yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa a Boɗinga. Ilimin da suka gada suka kuma bari yana tsaye ne a kan isnadi: ba a karɓar hadisi sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun ma haɗu, yaya gaskiyarsa, yaya kuma haddarsa. Malaman hadisi sun gina fanni guda, jarhi da ta'adili, don auna masu ruwaya, har sukan ƙi ruwayar mutumin kirki mai yawan ibada saboda yana da mantuwa. Aya ta shida a Suratul Hujurati umurni ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, Suratun Nur kuma ta tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki ba tare da sani ba. Ko a fagen jayayya akwai abin koyi: lokacin da Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadin Ɗanfodiyo, ya kawo hujjojin abokin jayayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri kafin ya ba su amsa, shi ya sa har yau muke iya karanta ɓangarorin biyu. Nana Asma'u kuwa, da ta so saƙo ya isa ga matan ƙauye bai gurɓace ba, sai ta zuba shi a waƙa, ta horar da mata jagororin 'Yan Taru, waɗanda ake kira jaji, su haddace su kai. Abin takaici shi ne yaron da ke koyon sharuɗɗan ingancin hadisi a Islamiyya da yamma, shi ne da dare zai tura saƙon "wani jami'in lafiya" ga mutum ashirin. Babu wanda ya taɓa nuna masa cewa ma'aunin ɗaya ne.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta talauci, kuma ba ta wasa ba ce. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa Sakkwato a sahun farko, da kashi 91 cikin ɗari. Akwai makarantun da yara ke zama a ƙasa, akwai ɗan aji biyu na sakandare da har yanzu yake haɗa baƙi da ƙyar, akwai malami ɗaya da ke riƙe da darussa uku. Mai wannan suka zai ce a fara da kujera da alli da karatu, a bar ƙawa sai an ƙoshi. Amsar farko ita ce wanda bai iya karatu ba shi ya fi buƙatar darasin, domin jita-jitar yau ba a rubuce take zuwa ba, da murya da hoto take zuwa, ta tsallake jahilci ta shiga kai tsaye. Amsa ta biyu daga Yuganda take. A can an yi gwaji a makarantun firamare 120, da yara fiye da dubu goma masu shekara 10 zuwa 12, aka wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 2017. Rabin makarantun an ba su ɗan littafi mai zane-zane da darussa tara kan yadda ake auna da'awar magani: shin an gwada shi, da me aka kwatanta shi, shin warkewar mutum ɗaya hujja ce. Malamansu na kullum ne suka koyar bayan ɗan gajeren horo. Da aka yi jarrabawa, kashi 69 cikin ɗari na yaran da aka koya wa suka ci, a sauran makarantun kuwa kashi 27 kacal. Ba a yi amfani da kwamfuta ba, ba a kuma jira lantarki ba. Makarantun Yuganda ba su fi na Shagari wadata da wani abin kirki ba.

Darasin kansa ba ya buƙatar sabon gurbi a jadawalin da ya riga ya cika. Malamin Hausa zai iya raɗa wa yaron da ke layin gaba jimla ɗaya, misali cewa motar shanu ta lalace a bakin kasuwa ranar Laraba, direba ya ji ciwo a hannu, ya ce a raɗa ta daga kunne zuwa kunne har layin baya. Kafin ta kai ga yaro na arba'in, motar ta kife, direban ya mutu, shanun sun shiga gari. Ajin zai fashe da dariya, daga nan malam ya tambaya a bakin wa hannun ya zama rai, kuma wa ya yi ƙarya. Za a tarar babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Wannan fahimta kaɗai ta fi wa'azin awa guda. Mako na gaba a saurari labari ɗaya daga Rediyon Rima, a kuma saurare shi daga BBC Hausa ko wata tasha, a rubuta a allo abin da kowace ta faɗa da abin da ta bari, da wanda kowace ta ji ta bakinsa. Malamin kimiyya ya ɗauki kirarin mai maganin gargajiya na lasifika a kasuwa, wanda ke warkar da basir da shawara da ciwon suga da kwalba ɗaya, a tattauna yadda za a gwada shi. Malamin lissafi ya ɗauki saƙon da ke cewa an zaɓe ka cikin masu tallafi, turo lambar BVN da naira dubu biyu na rajista, a lissafa abin da ɗan damfara zai samu idan mutum ɗaya cikin ɗari ya amsa. Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ake yawan mantawa, shi ne yaron ya iya bayar da labari da kansa: ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya gani a hanyar makaranta, ya ware abin da idonsa ya gani daga abin da aka gaya masa daga abin da yake zato, ya rubuta wasiƙar koke ga shugaban ƙaramar hukuma kan famfon da ya lalace ba tare da zagi ba, ya maimaita hujjar abokin muhawararsa har abokin ya yarda an faɗe ta daidai kafin ya mayar da martani. Mutanen Shagari sun san darajar wannan fiye da kowa. Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato, wato mai koyar da yara masu irin waɗannan shekaru, kuma da ya so a san ƙasar nan da garuruwanta sai ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa.

Wasu iyaye da shugabannin makarantu suna ganin gajeriyar hanya ita ce a raba yara da waya kwata-kwata. Hana waya a cikin aji daidai ne, ina goyon baya. Amma wayar da ke ɓata tunanin yaro ba a aji take ba, tana gida, kuma mu da kanmu muke miƙa masa. Rufe hanyar ma an gwada: a watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Sakkwato saboda 'yan bindiga. Jita-jita ba ta mutu ba, ta koma tasha da majalisar shayi da bakin rijiya, inda dama ta fito. Kamfanin WhatsApp shi ma ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya tun 2019, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Yara nawa ne a Danchadi aka taɓa gaya musu ma'anar wannan kibiyar?

Sukar da ta fi kamata a saurara da natsuwa ita ce ta tarbiyya. Dattijo zai ce idan aka koya wa yaro tambayar "daga wa ka ji", gobe ubansa zai yi wa ita, jibi liman. A al'adarmu yaro ba ya ƙaryata babba, kuma wannan kunya ba abin yarwa ba ce. Sai dai tambaya da rashin kunya ba abu ɗaya ba ne, kuma koyar da bambancinsu na cikin darasin. Ɗalibin zaure yakan tambayi malaminsa a wane littafi mas'ala take, yana durƙushe, kansa a ƙasa, babu wanda ya taɓa kiran wannan raini. Yarinyar da kakarta ta ce ta tura wani saƙo za ta iya cewa, "Inna, mai maganar nan bai faɗi sunansa ba, bari mu jira labaran rediyo na dare mu ji." Ba ta ƙaryata kakar ba, ta tsaya ne tsakaninta da wani baƙo marar suna da ya shigo ɗakinta ta waya. Yanzu kuma da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa, malaman da ake girmamawa su ne suka fi kowa buƙatar almajiran da za su tsaya su ce anya Malam ya faɗi haka, domin muryarsu ce za a fi sata.

Akwai kuma tsoron da ni ma nake da shi, cewa darasin zai koma koya wa yara cewa gaskiya ita ce abin da hukuma ta faɗa, duk wani koke kuma "labarin ƙarya". Tarihinmu ya ba da dalilin wannan tsoro. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana edita, an kafa ta ne a wani ɓangare don kashe jita-jitar cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus, amma kuma jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce mai nata buri. Ƙauracewar rigakafin shan-inna ta 2003, da ta sa Kano ta dakatar da allurar har tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama, an gina ta ne a kan ƙaryar cewa maganin na hana haihuwa. Amma ƙaryar ta samu gindin zama ne saboda mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka mutu, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar. Malamin da ya koyar da labarin 2003 ya ɓoye na 1996 ya yi wa ɗalibansa rabin gaskiya. Ma'aunin da ake so yaro ya riƙe ba ya duba rawani ko muƙami: sanarwar kwamishina da saƙon "wani ɗan'uwa" tambayoyi ɗaya ake yi musu, wa ya faɗa, ta ina ya sani, me zai samu idan na yarda, wa kuma ya tabbatar. Idan gwamnati ta ce ta gyara ajujuwa goma a wata makaranta, ɗalibin makarantar ya fi kowa cancantar ya ƙirga.

Saura wa zai ɗauki nauyi. Malaman ƙaramar sakandare su ma 'ya'yan wannan al'umma ne, suna cikin rukunonin WhatsApp iri ɗaya, wasunsu sun yi wankan gishiri a 2014. Don haka horon daga kansu zai fara, kuma cibiyar horar da malamai da ke ɗauke da sunan Shehu Shagari a Sakkwato ita ce wurin da ya dace ta fara shi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na Boɗinga da Shagari ba sa buƙatar izini daga Abuja kafin su tara malaman Hausa da na addini da na kimiyya na kwana biyu a lokacin hutu. Masu tantance labarai irin su Dubawa suna da tarin misalan ƙaryar da aka bankaɗo, da Hausa, waɗanda za a iya bugawa a takarda a raba. Kwamitocin gudanar da makarantu, inda hakimai da limamai da iyaye mata ke da kujera, su ne za su kawar da zargin cewa ana koya wa yara fitsara, musamman idan limamin gari ne ya buɗe darasin farko da bayanin isnadi. Kuɗin duk wannan a ƙananan hukumomin biyu bai kai na ginin katangar makaranta ɗaya ba. Zaɓen 2027 na tafe, kuma kafin nan saƙonnin murya za su ninka, da Sakkwatanci tsantsa, wasu da muryoyin mutanen da ba su taɓa furta su ba. Yaran da za a miƙa wa wayar su danna suna aji ɗaya da aji biyu a wannan zangon.